Irin Da Ban Gwada Ba

Litinin, 16 ga Yuni, bayan la'asar

Baba Namadi na Jabo ya zo har makaranta yau, ina tsakiyar darasi. Tsoho ne da ya haura saba'in, ya sauka daga bayan babur da laka har ƙwauri. Bai bi ta ofishin shugabar makaranta ba, ɗakin kwamfuta ya tambaya aka nuna masa. Ya kwance wani tsumma ya zube min gero a kan tebur, gaban ɗalibai arba'in. Geron ya yi baƙi, ya kumbura, yana warin ruɓa.

Ya ce, "Ke ta Fiddausi mai wasiƙa?" Na ce ni ce, Baba.

Ya ce, "Ga irinki nan. Kwana shidda cikin ƙasa, ruwa biyu sun duke shi, ko ƙwara guda ba ta ɗaga kai ba. Ɗana Siddiƙ yac ce kin gwada. Ina kinka gwada shi, ɗiyata? Cikin wagga na'ura?"

Yara suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na ce ya yi haƙuri, ya ce haƙuri ba ya tsira a gona, ya juya ya fita. Geron yana nan cikin jakata, na kasa zubarwa.

Talata, 17 ga Yuni, da safe

Bari in rubuta yadda abin yake, ko zuciyata ta daina tafasa.

Shekara shida ke nan ina tura Wasiƙar Juma'a ta imel ga mutanenmu na Tambuwal da Kebbe da neman abinci ya watsa duniya. Legas, Fatakwal, Kumasi, Jidda. Adireshi ɗari tara da goma sha huɗu. Ban sayi ko ɗaya ba. Wurin biki, wurin suna, ranar Sallah, haka na riƙa bin mutane da littafi da biro ina cewa su rubuta min da hannunsu, har ana yi min laƙabi da mai ƙidaya. Abin da nake rubutawa ba wani abu ba ne: wa ya rasu, wa aka haifa, ina ruwa ya sauka, wace hanya ta yanke. A guruf ɗin waya magana tana nutsewa ƙarƙashin hotunan barka da asuba ɗari. Wasiƙa kuwa tana zuwa wa mutum shi kaɗai, ta zauna ta jira shi har ya tashi aiki.

A ƙasan kowace wasiƙa akwai talla guda ɗaya tak, ƙarƙashin layi ɗaya: Fiddausi ta gwada. Zumar Kebbe, daddawar matan Dogon Daji, man shanu. Ba na sa abu sai na ci, ko na shafa, ko na wanke tufa da shi. Akwai sabulun da ya sa ni susa kwana uku, mai shi ƙawata ce, ban sa ba, har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Layin nan shi ne duk abin da na mallaka.

Wasiƙar da Siddiƙ ya karanta wa ubansa ta waya, mai tallar irin gero ƙarƙashin layin nan nawa, ranar Talata ta fita, 20 ga Mayu. Ni ban taɓa tura wasiƙa ranar Talata ba.

Talata, da azahar

Saƙo sittin da uku a akwatina. Na buɗe huɗu na rufe laftof.

Laraba, 18 ga Yuni, bayan magariba

Alhaji Ɗangiwa ya aiko a kira ni. Shi ne shugaban ƙungiyar 'yan asalin yankinmu, kuma shi ne mai shagon irin da ke kan hanyar Sakkwato, wanda yayana Attahiru yake kula masa da shi. An shimfiɗa min darduma, an kawo lemo mai sanyi, har da tambayar jikin Inna. Mutumin da bai taɓa amsa sallamata da cikakken baki ba.

Ya ce, "Malama, abu mai sauƙi na. Ki rubuta ki ce ɓarayin intanet sunka kutsa akwatinki. Kullum ana yi, ba wanda za ya zarge ki. Sannan abin da nika so, ki miƙo ma ƙungiya jerin adireshin nan. Akwai kamfanin talla da munka yi magana da su, su za su riƙe shi da tsari. Wanga aiki ya fi ƙarfin mace guda."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara shida bai fi ƙarfina ba, sai yanzu?"

Ya yi murmushi ya ce in je in yi tunani, in tuna da na gida.

Na tuna da su. Shi ya sa ban juye masa lemon a babbar riga ba. Ɓarayin intanet! Wane ɓarawon intanet ne zai wahalar da kansa ya shiga akwatin malamar makaranta don ya tallata shagon Ɗangiwa, har da kwatancen hanya? Idan na faɗi haka, shi ya fita, ni na fita, kowa ya fita, gonakin mutane ne kawai suka rage babu kowa.

Ba zan bayar ba.

Alhamis, 19 ga Yuni, ƙarfe goma

Yaya ya kira sau biyar. Ban ɗauka ba.

Juma'a, 20 ga Yuni, da hantsi

Yau Juma'a, ban tura komai ba. Karo na farko ina Tambuwal, ina da wuta, ina da data, kuma wasiƙa ba ta fita ba. Na rubuta Assalamu alaikum 'yan uwa na goge, na sake rubutawa na sake gogewa. Malam Zubair, maigidana, ya dawo daga asibiti ya same ni zaune gaban allon, ya leƙa ya ce aikin sa'a biyu ke nan, sallama? Na harare shi ya ja bakinsa ya tafi wanka.

Wata mata daga Ibadan ta rubuto: ta saya wa mahaifinta buhu biyu saboda ta ga sunana. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga.

Asabar, 21 ga Yuni, da yamma

A gidanmu, tun mahaifinmu yana da rai, wanda zai yi tafiya yakan bar wa babba cikin 'yan uwa mabuɗin ɗakinsa, don ba a san ta Allah ba. Da jikin Inna ya tashi a watan Mayu na tafi ƙauyenta bayan Kebbe, inda sai ka hau tudun makabarta kake samun sabis, abin da ya dame ni shi ne rasuwa. Idan wani babba ya faɗi ina can, wa zai sanar da na nesa? Malam bai san dangin kowa ba, in ka ce masa jikan wane sai ya ce wane wane. Sai na rubuta kalmar sirrin a takarda, na naɗe ta tare da mabuɗin ɗaki, na miƙa wa babba da hannu biyu kamar yadda aka koya min. Ni da nake koya wa yara kullum kada su ba kowa kalmar sirri, ko uwar da ta haife su.

Babu wanda ya rasu cikin sati biyun nan. Amma an yi amfani da takardar.

Ba zan rubuta sunan ba. Ko a nan.

Lahadi, 22 ga Yuni, kan hanyar dawowa daga Kebbe

Bas ɗin tana tsalle, rubutun zai karkace. Inna ta aiko in je, na je. Ta warware, har tana shiga madafa. Ba ta bari na aje mayafi ba ta fara.

"Fiddausi, mi ag gare ki? Yayanki ya zaka nan shina kuka, namiji da gemu. Yac ce bai san irin ya lalace ba, maigidanshi yas sa shi. Ki faɗi abin da anka ce ki faɗi, magana ta mutu."

Na ce, "Inna, ƙarya anka ce in yi."

Ta ce, "To tona mai asiri za ki yi? Ciki guda kunka fito."

Na ce ba zan kira sunan kowa ba, amma ƙarya kam ba zan yi ba, adireshin mutane kuma amana ne, da hannunsu suka rubuta min. Ta ce tun ina ƙarama haka nake, kai kamar turmi. Na ce a wurinta na gada. Ba ta yi dariya ba. Har na fito ba ta ce Allah ya kiyaye hanya ba, kuma wannan ya fi duk maganganun ƙona min rai.

Daga tagar mota ina ganin gonaki. Wasu sun yi kore shar, wasu kunyoyi ne tsirara. Ina iya nuna waɗanda 'ya'yansu suke karanta wasiƙata.

Litinin, 23 ga Yuni, lokacin hutun tara a makaranta

An turo takarda daga ƙungiya, da hatimi. Wa'adin kwana bakwai in miƙa jerin, ko a sanar a taron wata cewa Wasiƙar Juma'a ba ta da alaƙa da mutanen Tambuwal. Su sanar mana. Ranar da nake bin mutane da littafi a rana ina hatimin yake?

Ba zan bayar ba.

Talata, 24 ga Yuni, da asuba bayan salla

Akwai abin da nake ta kewayewa tun da na fara rubutun nan.

Na dawo daga ƙauye 30 ga Mayu. A ranar na buɗe akwatin saƙonnin da aka tura, na ga wasiƙar Talata, da layina a ƙasanta. Na karanta ta sau uku. Na san ban gwada komai ba. Ruwan shuka bai sauka ba sai 10 ga Yuni. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina da adireshi ɗari tara a hannuna, layi biyu ya isa. Na ce a raina iri ai iri ne, wataƙila mai kyau ne, don me zan kunyata na gida a kan abin da ƙila bai zama komai ba. Na canza kalmar sirri na yi shiru. Har na tura wasiƙu biyu bayan nan, ina ba da labarin suna da gyaran kwalbati.

Wani ya rubuta ƙarya sau ɗaya. Ni na riƙe masa ita kwana goma sha ɗaya. Ina jin kunya.

Talata, da la'asar

Yaya ya zo gida. Ya tsaya zaure, Malam ya ce ya shigo ya ƙi. Na fita. Ya rame.

Ya ce, "Ƙanwata, aikina na. Ɗiya fuɗu gare ni. In kinka ƙi, Alhaji korata za shi yi."

Na ce, "Yaya, Baba Namadi jikoki tara ka ci ga gonarshi."

Ya ce ai bai sani ba. Na ce na yarda bai san irin ya mutu ba, amma ya san ban gwada ba. Na so ya yi min tsawa irin ta dā, in samu abin riƙewa. Sai kawai ya sa takalmi ya tafi, ni kuma na koma ciki na wanke kwanonin da aka riga aka wanke.

Laraba, 25 ga Yuni

Ba komai. Kai yana ciwo.

Juma'a, 27 ga Yuni, ƙarfe sha ɗaya da rabi

Na tura. Ga abin da na ce, in ajiye a nan:

"'Yan uwa, wasiƙar Talata 20 ga Mayu ba ni na rubuta ba, kuma irin da ke cikinta ban gwada ba. Ba a kutsa akwatina ba. Ni na ba wani kalmar sirri da hannuna, ba kuma zan faɗi sunansa ba. Na ga wasiƙar kwana goma sha ɗaya kafin shuka na yi shiru. Wannan laifina ne ni kaɗai. Har yanzu ana iya sake shuka. Wanda iyayensa ke da tsohon iri a rumbu ya faɗa min, wanda gonarsu ta ƙi ya faɗa min, in haɗa ku. An nemi in miƙa adireshinku ga wasu, na ƙi, domin ni kuka ba. Amma kun ba Fiddausin da ba ta taɓa yi muku shiru ba. Saboda haka wanda yake son ci gaba da samun wasiƙar nan ya amsa da kalma biyu: ina nan. Wanda bai amsa ba zuwa Juma'a mai zuwa, zan goge adireshinsa, ba fushi."

Malam ya karanta a wayarsa ya ce na yanke reshen da nake zaune a kai. Na ce gara in faɗo da kaina. Bayan minti biyar saƙo ya shigo: ina nan. Daga ɗakin kusa. Mutumin nan, Allah ya shirye shi.

Asabar, 28 ga Yuni, da rana

Tamanin da bakwai sun ce suna nan. Goma sha biyu sun ce in goge su yanzu, kada in jira Juma'a. Wani daga Kano ya rubuta shafi guda na zagi mai tsari, da lamba ɗaya, biyu, uku, a ƙarshe ya ce ina nan. Matar Ibadan ba ta ce komai ba.

Maganar iri ta fi yadda na zata tafiya. Wani direba a Legas ya ce rumbun ubansa a Dogon Daji yana da na bara. Wata nas a Jidda ta ce a je gidansu a ɗiba. Ina haɗa wannan da wancan, ina tura lambar waya, ban ci abincin rana ba sai la'asar.

Lahadi, 29 ga Yuni, bayan azahar

Direban Kebbe ya sauke min ƙullin buhu a ƙofar gida. Gero ne, wanda Inna take ratayewa a ɗaki don iri, ta sussuke shi da kanta. Babu saƙo. Na tambayi direban ko ta ce wani abu, ya ce cewa ta yi kawai a kai wa mai kan turmi.

Na zauna a zaure na yi kukan da na riƙe sati biyu.

Litinin, 30 ga Yuni, da yamma

Na hau babur zuwa Jabo bayan an tashi makaranta. Baba Namadi yana gindin bedi a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na aje buhun. Ya zura hannu ya ɗebo, ya shinshina, ya ciza ƙwara ɗaya.

Ya ce, "Siddiƙ ya karanta mani abin da kinka rubuta. Wanga kin gwada shi?"

Na ce, "Ban gwada ba, Baba. Na Innata na."

Ya kira a kawo masa sakaina. Ya cika ta da ƙasa mai laima, ya ƙirga ƙwara ashirin ya binne da ɗan yatsa, ya aje a inuwa. Bai ce na gode ba, bai ce in tashi ba. Da na gaji da durƙuso na yi sallama na tafi.

Wa'adin ƙungiya ya cika yau. Ban ma tuna ba sai da na ga takardar a jaka, kusa da ruɓaɓɓen geron nan.

Laraba, 2 ga Yuli, da safe

An ce sun sanar a taro. An ce Alhaji ya ce mace ta fi ƙarfin mijinta. Malam ya ce a gaya masa ya daɗe da sani.

An ce kuma an ga wani sabo zaune a shagon iri. Ban tambayi ina na dā yake ba.

Alhamis, 3 ga Yuli

Ɗari biyu da shida sun ce suna nan. Na duba harafin A, wurin sunan Yaya, sau nawa yau, ban ƙirga ba.

Juma'a, 4 ga Yuli, ƙarfe sha biyu saura

Na ce zan goge, na goge. Ɗaya bayan ɗaya na yi, ban yarda in danna sau ɗaya su tafi duka ba, domin ɗaya bayan ɗaya na karɓe su. Kowane suna ina tuna inda aka rubuta min shi. Wannan wurin bikin ƙawata Mardiya, wannan a tasha yana riƙe da jaka, wannan ya rasu bara ban iya cire shi ba sai yau. Matar Ibadan ta tafi. Harafin A na bari ƙarshe. Adireshin ni na buɗe masa shi da kaina shekara takwas da suka wuce, ni na zaɓa masa sunan. Na jira har ladan ya fara gyara lasifika. Bai amsa ba. Na goge shi kamar kowa, sannan na tashi na sha ruwa.

Ɗari biyu da talatin da ɗaya suka rage cikin ɗari tara da goma sha huɗu. Nawa ne, ba na ƙungiya ba, ba na kamfani ba, kowanne da bakinsa ya ce.

Ina cikin rubuta wasiƙar yau aka yi sallama. Baba Namadi ne, zai wuce masallacin Juma'a, da sakaina a hannu ya rufe ta da hularsa saboda iskar babur. Ya buɗe. Tsiro sun fito siri-siri, kore. Ya sa na ƙirga da kaina, goma sha tara.

Ya ce, "Jiya munka shuka, ni da jikoki. An ce wanda ka so ya ce shina nan. Ni ba ni da wanga imel naku, shi yas sa niz zaka da ƙafata. Ina nan."

Na ce, "Baba, ka yafe mani?"

Ya ce, "Wagga sai kaka, in mun ga abin da gona ta yi. Yanzu dai ki rubuta ma mutane irin Innarki na da rai, a daina tsoro a shuka."

Ya bar min sakainar a kan tebur, daidai inda laftof yake, ƙasa ta zubo kan madannai ban share ba. Na gama wasiƙar: rasuwa ɗaya, haihuwa biyu, ruwa ya sauka Kebbe daren Laraba. Da na zo ƙasa, wurin layin nan, na goge sunana na rubuta: Namadi na Jabo ya gwada, goma sha tara cikin ashirin.

Na tura.